Latek, Leitek ko Lateks? Harafin da ya yi kama da X amma ba shi ba ne

In lokacin miƙa kundin kammala karatu ya matso, wanda mu nan Damagaram muka fi kira memwar, shagon buga takardu na wani abokina a Zengu ba ya rabuwa da ɗalibai. A nan na tarar da gardamar da ta jawo wannan rubutu. Wani saurayi da ya karanci lissafi a Yamai ya miƙo kile ɗinsa, wato filash, ya ce wa mai shago, "Yaya, don Allah kar ka gyara komai a ciki. Da Latek na rubuta, ka buga shi yadda yake." Wani da ke kan benci yana jiran layi, shi kuma a Zariya ya yi nasa karatun, ya ɗago kai ya ce, "Leitek dai kake nufi." Mai shago ya leƙa allon kwamfuta, ya ga an rubuta LaTeX, ya ce su biyun su daina wahalar da kansu, ga abu nan ƙuru-ƙuru, lateks ne, irin robar safar hannun da malaman asibiti ke sawa.

Aka yi dariya, amma ba wanda ya janye. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne su ukun kowa na da hujja, kuma hujjar kowannensu ta girme shi da shekaru sama da dubu biyu, bai sani ba.

Manhajar da ake gardama a kanta ta tsara rubutu ce, musamman rubutun lissafi da kimiyya. Ba kamar Word take ba, inda kake ganin shafi yadda zai fito tun kana bugawa. A nan umarni kake rubutawa, ka ce wannan kan magana ne, wannan kasafi ne, wannan alamar saiwa ce, sai ita ta jera komai da kanta. Tushenta shi ne TeX, wanda Donald Knuth, malamin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Stanford ta Amurka, ya ƙirƙira. A 1977 maɗaba'a ta aiko masa da gwajin sabon bugun juzu'i na biyu na babban littafinsa kan tsara manhajoji, ya ga rubutun ya yi muni idan aka kwatanta da bugun farko da aka jera da haruffan darma. Abin ya ƙona masa rai, ya ajiye littafin ya zauna ya gina wa kansa abin jera rubutu. Siga ta farko ta fito a 1978, ya sake rubuta ta gaba ɗaya a 1982. Daga baya Leslie Lamport ya ɗora wasu gajerun umarni a kai don sauƙaƙa wa masu rubutu, a farkon shekarun 1980, shi ne LaTeX. Yau da wuya ka buɗe mujallar lissafi ko ta fiziks ba ka tarar da aikin wannan manhaja ba.

To, ina matsalar take? A harafin ƙarshe. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba. Haruffan nan uku da ido ke gani kamar T da E da X na boko, a wajen Knuth haruffan Girkanci ne: tau, epsilon da khi. Su ne farkon kalmar tekhne, wadda a Girkanci ke nufin sana'a da gwaninta, abin da mu za mu ce fasaha. Daga gare ta Faransanci ya samu teknik, Ingilishi ya samu teknoloji. Manyan baƙaƙen haruffan ukun sun yi daidai da na boko a siffa, shi ya sa ido ke yaudarar baki. Knuth ya sauko da E ɗin ƙasa kaɗan a tambarin sunan domin a gane ba kalmar Turanci ba ce, inda kuma na'ura ba ta iya saukowa da harafi sai a rubuta shi da ƙaramin e a tsakiya. Akwai ma wani dalilin: a lokacin kamfanin Honeywell na da wata manhaja mai suna TEX, ita kuwa teks ake kiranta, bai so a haɗa su ba.

A babin farko na littafin jagorar da ya wallafa a 1984, Knuth ya faɗi yadda yake so a furta. Ya ce sautin ƙarshen shi ne wanda ke cikin kalmar loch ta mutanen Sikotland da ach ta Jamusanci, shi ne j na Sifaniyanci da kh na Rashanci. Har ya yi barkwanci cewa in ka furta shi da kyau a gaban kwamfutarka, allon na iya ɗan jiƙewa. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya san wannan sauti ba sai an kai shi Sikotland ba. Shi ne harafin kha mai ɗigo a sama, wanda ake murzo shi daga can ƙarshen ganɗa, wanda gardi ke sa yaro ya maimaita har sai ya daina mai da shi ha.

Sai dai in ka bi tarihin harafin, za ka ga furucin Knuth ma na wani zamani ne, ba na kowane zamani ba. A Girkancin Atina na lokacin su Aflatun, khi ba murzawa ake yi ba. K ne da ake bin sa da ɗan hucin iska, kamar ka ce k ka sako h a bayansa nan take. A hankali, cikin ƙarnonin da suka kewaye haihuwar Annabi Isa da bayanta, ya yi laushi ya zama sautin nan mai gurzawa, kuma haka Girkawan yau ke furta shi, suna cewa tekhni. Ke nan mai cewa tek ya fi kusa da tsohon Girkanci, mai cewa tekh ya fi kusa da na yanzu.

Mai cewa teks fa? Na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin wanda bai san komai ba, sai da na gane shi ma gadonsa daga Girka yake. A can da, Girkawa ba su da abajada guda. Garuruwan gabas suna amfani da wannan alama mai kama da gicciye don sautin kh, na yamma kuma suna amfani da ita don ks. Atina ta ɗauki tsarin gabas a hukumance a shekara ta 403 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya zama Girkancin da aka sani. Amma mutanen Italiya tuni sun karɓi rubutu daga Girkawan da ke bin tsarin yamma, ya bi ta hannun Etruskawa, wata tsohuwar al'ummar Italiya, ya isa ga Rumawa, ya zama X na Latin, wanda Faransanci ke kira iks, Ingilishi ke kira eks. Harafi ɗaya ne ya rabu gida biyu, aka yi shekaru aru-aru ba a haɗu ba, sai ga shi sun yi kiciɓis a shagon buga takardu a Zengu.

Da Rumawa suka zo aron kalmomin Girkanci masu khi, X ɗinsu ya riga ya kama wani aiki, sai suka riƙa rubuta sautin da ch. Daga nan ne rikicin da ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, ke sha a aji ya samo asali. A Faransanci ch ɗin technique k ne, haka na orchestre da archéologie, amma na chimie da chirurgie da architecte sh ne, alhali duk khi ɗaya ne a asali. Bature ɗan Ingila kuma k yake yi a yawancinsu, yana cewa kemistri da akitekt. Ita kanta kalmar lakwal da muke faɗi kullum a Nijar akwai khi kwance a cikinta: skhole ta Girkanci ce ta zama schola a Latin, ta zama école a Faransanci, muka haɗe ta da l ɗin gabanta muka mai da ita tamu. Kimiyya kuma ta wata hanyar ta zo mana, ta Larabci, inda Larabawa suka mai da sautin k tun kafin ta ƙetaro Sahara. Ɗaliban ƙididdiga ma sun san harafin a wani gwajin da suke yi: wanda ya yi karatu da Faransanci ya ce ki-de, wanda ya yi da Ingilishi ya ce kai-sukwaya, kuma alama ɗaya suke rubutawa a allo.

In ka zagaya duniya da sunan TeX, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗan Rasha da ɗan Sifen ba su da matsala, sautin na cikin bakinsu. Masu Ingilishi da Faransanci da Italiyanci ba su da shi a harsunansu, sai suka tsaya a tek. Jamusawa ne abin dariya: Knuth ya kafa misali da ach ɗinsu, amma a ƙa'idar Jamusanci ch da ya biyo bayan e ba daga can baya yake fitowa ba, yana matsowa gaba ya yi laushi kamar na kalmar ich, ya kusa zama sh. Don haka Bajamushe in ya bi harshensa, wani sautin daban yake fitarwa, ba wanda aka yi misali da shi ba. A Japan kuwa da yawa tefu suke cewa, wasu tekku, domin harshensu ba ya son kalma ta ƙare da baƙi. Wannan tefu ɗin bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. F ɗinsu da leɓɓa biyu ake hura shi kamar namu, yana tsakanin f da h, kuma mu a Nijar da yawanmu tahi muke cewa inda Bakano ke rubuta tafi.

Nan ne maganar ta fi yi mini daɗi, domin Hausa ta daɗe da yanke wa wannan sauti hukunci. Mun yi ɗaruruwan shekaru muna karɓar kalmomin Larabci masu kha, kuma kusan kullum h muke mai da shi. Alkhamis ya zama Alhamis, khamsin ya zama hamsin, alkhair ya zama alheri, khuɗba ta zama huɗuba, khalifa ya zama halifa, Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu. A labari ma haɗiye shi muka yi gaba ɗaya, daga alkhabar. Malamin da ke furta kha tsaf a cikin salla, in ya fito ƙofar masallaci zai ce maka sai ranar Alhamis, bai ga wani saɓani ba, domin karatu daban, magana daban. Da a ce TeX ya shigo mana ta bakin fatake daga Tarabulus, irin waɗanda suka riƙa sauka a Damagaram zamanin Sarki Tanimun, da yanzu tehi ko tehu muke cewa, da wasali a ƙarshe kamar yadda muka saba. Amma ta makaranta ya shigo, kuma makarantun namu biyu ne.

Wannan shi ne ainihin abin da ke ƙarƙashin gardamar samarin nan. Tsakanin Damagaram da Kano tafiyar ƴan sa'o'i ce, Hausa ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, amma in aka zo kalmar boko sai iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta fito fili. Mu ce lakwal, su ce makarantar boko. Mu ce ordinater, su ce kwamfuta. Mu ce kile, su ce filash. Latek da Leitek ma haka ne, kuma in ka lura, su biyun sun yarda da k a ƙarshe. A gaɓar farko suka rabu, ita kuwa ba ruwanta da Girkanci. La ɗin daga sunan Lamport ake ɗaukar ta. Mai Faransanci ya ga l da a ya ce la, mai Ingilishi kuma ya bi al'adar harshensa ta mai da irin wannan a ɗin ei. Shi Lamport bai ɗauki abin da zafi ba. A littafin jagorar da ya rubuta ya ce tunda TeX tek ake cewa, latek da leitek su ne hankali ya fi kamawa, amma harshe ba kullum yake bin hankali ba, don haka leiteks ma na iya yiwuwa. Wanda ya haifi ɗa ya ce a kira shi da duk sunan da aka ga dama, ban ga dalilin da maƙwabci zai ɗaga jijiyar wuya ba.

Duk da haka ina da zaɓi. Ni Latek nake cewa, kuma ina ganin shi ya fi dacewa da bakin Bahaushe: a ɗinmu a ne, ba ma lanƙwasa shi, k kuma kowa na da shi. Lateks ne kaɗai nake ƙi, ba don haramun ne ba, sai don yana yanke igiyar da ta ɗaure sunan da ma'anarsa. Latex na roba kalmar Latin ce mai nufin ruwa, ana kiran ƙaron itacen roba da ita, ba ta haɗa komai da tekhne ba. Wanda ya taɓa rubuta kalmar kaɗai a manemin intanet yana neman darasi, ya ga an cika masa allo da safar hannu da katifa, ya san abin da nake nufi.

Akwai wani reshen manhajar da ya shafe mu kai tsaye, sunansa kuma ya fi na uwar rikitarwa. TeX na asali bai san da zaman ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, sai an bi ta wasu dabaru kafin su fito. A 2004 Jonathan Kew ya fitar da XeTeX, wanda ke karɓar haruffan harsunan duniya kai tsaye, ka buga ƙ ɗinka ta fito ƙ, ka sa ajami ma ya zauna daga dama zuwa hagu in ka haɗa shi da kayan aikin da suka dace. Duk ɗalibin da zai rubuta memwar kan Hausa, wannan ne abokin tafiyarsa. Masu Ingilishi zitek suke kiransa. X biyu ne a cikin sunan, na farko z, na biyu k, ba ko ɗaya da ke ks. Z ɗin kuma daga al'adar Ingilishi ya fito ta furta X na farkon kalma haka, kamar a Xerox, sunan da aka ciro daga kalmar Girkanci mai nufin busasshe, wadda ita da wani harafin ma daban take farawa, ksi.

TeX ba shi kaɗai ke shan wannan ba. Python, harshen tsara manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, ɗan Yamai piton yake ce masa, ɗan Kano paiton, Bature kuma yana saka harshe tsakanin haƙora a tsakiyar kalmar. Asalinta sunan wani macijin tatsuniyar Girkawa ne, mu dai mesa muka sani. Amma wanda ya fi kowanne ba ni mamaki shi ne Kubernetes, manhajar da Google ya fitar a 2014 don sarrafa ɗimbin ƙananan manhajoji da ke gudana a kan kwamfutoci masu yawa lokaci guda, ta raba musu aiki, in ɗaya ta faɗi ta tayar da wata. Sunan kalmar Girkanci ce mai nufin mai riƙe da akalar jirgin ruwa, shi ya sa tambarinta sitiyarin jirgi ne. Masu Ingilishi na cewa kubanetiz, masu Faransanci kubernetes da u ɗinsu mai tsuke baki, Bagirken yau kuma kivernitis, domin a wajensa b ta zama v, wasula uku na kalmar sun zama i. Masu aiki da ita da yawa sun gaji sun koma rubuta K8s, wato K da s da haruffa 8 a tsakaninsu. A nan Bafaranshe ne ya yi sa'a, u ɗinsa ya yi daidai da yadda mutanen Atina na da ke furta wasalin.

Kalmar ba baƙuwa ba ce a Damagaram, sau biyu ta riga ta shigo mana a ɓoye. Rumawa sun are ta sun mai da k ɗin g, ta zama gubernator, ta zama gouverneur a Faransanci da governor a Ingilishi, mu kuma muka ce gwamna, muka samu gwamnati daga ƴar uwarta. A 1948 masanin lissafi Norbert Wiener ya sake komawa ga kalmar Girkancin ya ƙirƙiro sunan ilimin sarrafa na'urori, daga shi aka gutsuro siber, wanda a Najeriya ake cewa saiba. Shagon abokina ma siber ne a da, wato wurin da ake biya a shiga intanet, kafin wayoyin hannu su kashe kasuwar ya koma buga takardu. Gwamna da siber da Kubernetes uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma ban taɓa jin wanda ya tare mutum a hanya ya ce masa gwamna kuskure ne, kubernetes ya kamata ya ce ba.

Maganar ta wuce hira a bakin shago tun da kundin da hukumomin Nijar suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. In za a koyar da lissafi da kwamfuta da Hausa, dole wata rana wani ya zauna ya rubuta waɗannan sunaye yadda yaro zai karanta su, a abajadar da ba ta da X kwata-kwata. Shawarata a bar sunan a rubuce yadda masu shi suka rubuta, LaTeX, domin shi ɗalibi zai buga in yana nema, sannan a gaya masa sau ɗaya cewa harafin ƙarshen baƙo ne daga Girka, k ake ce masa.

A shagon dai ban yi wannan dogon bayani ba. Na ce musu kawai Knuth, mai abin, da kha yake furta shi. Akwai wani dattijo a gefe, malamin makarantar allo ne da ya kawo a ɗaukar masa hoton wasu takardu, bai sa baki ba tun da aka fara. Na ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka mana da ta da kha, a sa wa kha ɗin ɗauri." Ya dube ni kamar mai tunanin ko wasa nake, sannan ya furta, sau ɗaya, tsaf, har na ji gurzawar daga inda nake. Ɗan Yamai ya gwada ya shaƙe, ɗan Zariya ya ce shi kam a bar shi da Leitek ɗinsa. Malam ya karɓi takardunsa ya tambayi ko sunan magani ne. Mai shago kuma ya buga memwar ɗin, shafi tamanin da wani abu, ya ce ko da me aka rubuta, dala goma ne kowane shafi.